Rikicin Hoto a Coci: Sarakunan Rum, Ɗan Mansur da Allunan Dutsen Sina'i

  

Duk wanda ya shiga cocin Katolika a Kaduna ko Jos, ya fito ya leƙa cocin ECWA ko COCIN da ke bayan layi, zai ga bambanci tun kafin mai wa'azi ya buɗe baki. A na farko ga gicciye da siffar Yesu a kansa, ga mutum-mutumin Maryamu a gefe, ga alluna 14 jere a bango suna nuna tafiyarsa zuwa inda aka gicciye shi. A na biyu bango fayau, sai gicciyen da babu kowa a kansa, sai wata aya da aka rubuta da fenti a bayan mumbari. Yawancinmu mun ɗauka wannan saɓani daga zamanin Martin Luta ya faro. Ya girmi Luta da kusan shekara 800. An yi shi da zafi a Daular Rum ta Gabas, wadda hedikwatarta ke Kustantiniya, Istanbul ta yau, daga wajen 726 har zuwa 843. An sauke shugabannin coci a kansa, an kori mutane daga garuruwansu, an zubar da jini. Abin da nake so mu duba yau shi ne cewa a ƙarƙashin gardamar fenti da katako akwai wata tambaya da ta fi ta nauyi, wato ko wane ne Yesu a wurin Kirista. Sannan mu ga wani abu da ba a cika faɗa ba a coci ko a masallaci: mutumin da ya fi kowa kare hotunan, da kuma tsofaffin hotunan da suka tsira, duk a ƙarƙashin mulkin Musulmi suka sami mafaka daga sarki Kirista.

Mu fara da Littafi Mai Tsarki, domin kowane ɓangare da shi ya yi yaƙi. A Littafin Fitowa sura 20, cikin Dokoki Goma, an hana sassaƙa siffar wani abu na sama ko na ƙasa ko na ruwa, an hana rusuna masa. Magana a fili take. Amma in ka ƙara gaba zuwa sura 25, sai ka ga an umarci Musa ya sa a ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan murfin Akwatin Alkawari, a wuri mafi tsarki. A sura 31 an ce Allah ya cika wani maƙeri mai suna Bezalel da Ruhunsa saboda wannan aiki. A Littafin Ƙidaya sura 21 Musa ya ƙera maciji na tagulla ya ɗaga shi a kan sanda, wanda maciji ya sara in ya dube shi sai ya warke. Wannan macijin ya daɗe a hannun Isra'ilawa, har suka koma suna ƙona masa turare, sai Sarki Hezekiya ya farfasa shi, kuma Littafin Sarakuna na Biyu sura 18 ya yabe shi a kan haka. Mai son hoto zai ce ai Allah ne ya sa aka ƙera macijin. Mai ƙin hoto zai ce ai ka ga inda ya ƙare. Dukansu gaskiya suka faɗa.

Kiristocin farko ma ba su zama baki ɗaya ba. A Siriya, bakin Kogin Furat, akwai wani tsohon gari mai suna Dura-Yuropos. Wajen shekarar 256 sojojin Rum suka cike gidajen da ke jikin ganuwa da ƙasa don su tsare garin daga Farisawa. Garin ya faɗi, amma ƙasar nan ta adana abin da ta binne. Da aka tona a farkon shekarun 1930, sai aka tarar da wani gida da Kiristoci suka mayar wurin sujada, a ɗakin baftisma an zana makiyayi ɗauke da tunkiya, da shanyayyen da ya ɗauki gadonsa, da Yesu da Bitrus a kan ruwa. Can kusa kuma ga majami'ar Yahudawa, bangonta cike da zanen labaran annabawa. Duk da haka, a farkon ƙarni na 4 bishop-bishop na ƙasar Sifen suka taru a Elbira suka ce kada a zana abin da ake yi wa sujada a bangon coci. Wajen shekarar 600 wani bishop a Marsai, kudancin Faransa, ya farfasa hotunan cocinsa. Paparoma Girigori Babba ya rubuta masa, ya yaba da hana mutane yi musu sujada, ya kuma tsawata masa a kan fasa su, domin a ganinsa wanda bai iya karatu ba a bango yake karanta abin da mai ilimi ke karantawa a takarda. Gani ya kori ji, in ji Bahaushe.

Sai dai a Gabas abin ya wuce koyarwa. A ƙarni na 6 da na 7 allunan da aka zana wa fuskar Yesu ko Maryamu ko wani waliyyi sun shiga gidaje da kasuwanni da sansanin soja. Ana sumbatar su, ana kunna musu fitila, ana zagaya ganuwa da su in abokan gaba suka kewaye gari. A shekarar 692 wata majalisar bishop-bishop a Kustantiniya ta ce a daina nuna Yesu da siffar ɗan rago, a zana shi mutum. A daidai wannan lokaci Sarki Jastiniyan na Biyu ya buga fuskar Yesu a kan kuɗin zinariya na daula, abin da babu sarkin da ya taɓa yi. Ba a jima ba, a shekara ta 77 bayan Hijira, wato 696 zuwa 697, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinari wanda babu siffar kowa a kansa, rubutu zalla. Dauloli biyu da ke gaba da juna, kowace ta sa aƙidarta a kan kuɗin da ke yawo hannu zuwa hannu.

Ku tuna halin da Rumawa suke ciki a lokacin. Sham ta fita hannunsu bayan yaƙin Yarmuk a 636, Urushalima ta bi, Masar ta bi, Kartaj da ke Tunisiya ta yau ta faɗi a 698. Daga 717 zuwa 718 rundunar Maslama ɗan Abdulmalik ta yi wa Kustantiniya kanta ƙawanya, da ƙyar Sarki Liyo na Uku ya tsirar da birnin. A 726 dutse mai aman wuta ya fashe a tekun Girka, kusa da tsibirin Tera, toka ta rufe gaɓar teku. Mutumin da ya tashi da karatun Tsohon Alkawari ya san abin da ake cewa in Isra'ila ta sha kashi a hannun maƙwabta: ta koma ga gumaka, Allah ya juya mata baya. Ruwa ba ya tsami banza. Sai aka fara waige-waige, ana tambayar wane zunubi ne ya jawo wannan, idanu suka sauka a kan allunan. A 730 shugaban cocin Kustantiniya, Garmanus, ya ƙi amincewa da sabuwar manufar sarki, ya rasa kujerarsa.

Akan ce Musulunci ne ya koya wa Liyo ƙin hoto. Abokan hamayyarsa ne suka fara yaɗa wannan, don su ɓata shi, suna haɗa shi da Halifa Yazid na Biyu wanda marubuta Kiristoci suka ce ya ba da umarnin kawar da siffofi a ƙasarsa wajen 721. Ni ban gamsu da wannan ba. Liyo ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da halifofi, kuma abin da masu ƙin hoto suka ɗaukaka a madadin allunan shi ne gicciye, wanda ba abin da za a ce an aro daga Dimashƙa ba ne. Wanda ya je Istanbul ya shiga tsohuwar cocin Aya Irini zai ga ƙaton gicciye shi kaɗai a saman wurin bagade, aikin wancan zamani. Abin da zan yarda da shi shi ne nasarorin Musulmi ne suka sa Rumawa binciken kansu, amma hujjar da suka ɗauko daga littafinsu suka ɗauko ta.

Ɗan Liyo, Kwanstantin na Biyar, wanda ya yi mulki daga 741 zuwa 775, shi ne ya kai maganar wani matsayi. Jarumin soja ne, kuma ya san tauhidin cocinsa. A 754 ya tara bishop 338 a fadar Hiyeriya, tsallaken ruwa daga Kustantiniya. Babu wakilin Paparoma, babu na shugabannin cocin Iskandariya da Antakiya da Urushalima, shi ya sa abokan gaba suka yi mata laƙabi da majalisa marar kai. Amma hujjarta ba ta wasa ba ce. Tun majalisar Kalsidon ta 451 cocin Rum ya tsaya a kan cewa Yesu Allah ne cikakke, mutum ne cikakke, ba a cakuɗa biyun ba, ba a kuma raba su ba. To, in ji su, mai zane me yake zanawa? In ya ce mutuntakar kaɗai ya zana, ya raba abin da ba ya rabuwa. In ya ce har da allahntakar, ya yi wa marar iyaka iyaka da burushi. Gaba kura, baya sayaki. Suka ce siffar Yesu ɗaya ce tak da shi kansa ya bari, gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji, siffar waliyyai kuwa ita ce mutum ya kwaikwayi halinsu. Na san akwai fastoci a wannan ɗaki da za su sa hannu a kan wannan magana yau ba tare da sun canza ko wasali ba.

A ƙarshen zaman suka la'anci mutum uku da suna. Wanda suka fi nanata wa la'ana shi ne wani da suka kira Mansur, suka ce mai tunani irin na Larabawa ne, maci amanar daula.

Wannan Mansur shi ne wanda coci ya sani da Yuhanna na Dimashƙa. An haife shi wajen 675 a gidan manyan ma'aikata. Kakansa Mansur yana riƙe da harkar kuɗin Dimashƙa tun zamanin Rumawa. Mahaifinsa, Sarjun ɗan Mansur, sunansa na cikin littattafan tarihin Musulunci, magatakarda ne kuma mai kula da baitulmali a fadar Mu'awiya da halifofin da suka biyo baya, yana nan kuma a kan Kiristancinsa. Yuhanna ya tashi a wannan gida, daga baya ya bar duniya ya koma zuhudu a yankin Urushalima. Al'adar coci ta ce a gidan zuhudu na Mar Saba ya zauna, cikin duwatsun hamadar Yahudiya. Daga can ya rubuta maƙalu uku da harshen Girka a kan masu fasa hotuna. Ya faɗa wa sarki a fili cewa haraji da tsaron ƙasa nasa ne, amma tsara koyarwar coci ba aikin sarakuna ba ne. Bishop da ke Kustantiniya in ya faɗi haka, gobe yana kurkuku. Yuhanna talakan halifa ne, hannun sarkin Rum bai kai gare shi ba. Ya rasu wajen 749, la'anar Hiyeriya ma a kabari ta same shi.

Hujjarsa ta farko ta tsaya ne a kan abin da Kirista ke kira zaman Kalma mutum. Ya ce me ya sa aka hana Isra'ilawa yin siffar Allah? Littafin Maimaitawar Shari'a sura 4 ya ba da dalili: a ranar da aka yi musu magana daga cikin wuta, murya suka ji, ba su ga siffa ba. Abin da ba a gani ba, duk wanda ya zana shi ƙarya ya yi. Amma Kirista ya ce Kalman Allah ya zama mutum, an haife shi, ya sha nono, ya gaji, mutane sun ga fuskarsa sun taɓa rigarsa. Wanda aka gani ana iya zana shi. In kuwa ka ce ba ya zanuwa, to ka kusa cewa jikin nasa ba jiki ba ne na gaskiya, wannan kuwa tsohuwar bidi'a ce da coci ya ƙi tun farko. A nan ne za ku ga dalilin da ya sa Musulmi da Bayahude ba su da wannan matsala ta wannan fuska. Su ba su ce Allah ya ɗauki jiki ba, don haka hani a wurinsu ya tsaya yadda yake. Kirista ne ya faɗi abin da ya ja masa tambayar.

Ta biyu, ya ce kada a raina abin da ake taɓawa da hannu. Gicciye katako ne. Bishara tawada ce da fata. Gurasar Jibin Ubangiji alkama ce. Masu fasa hotuna suna sumbatar littafin Bishara, suna rusuna wa gicciye. In katako da tawada za su ɗauki daraja saboda wanda suke nunawa, me ya hana katako da fenti?

Ta uku ita ce wadda Bahaushe zai fi saurin ganewa. Ya raba bauta, wadda ta Allah ce shi kaɗai, da rusunawar girmamawa. Ya kawo Ibrahim da ya rusuna wa Hittiyawa sa'ad da yake neman wurin binne Saratu, da Yakubu da ya rusuna wa wansa Isuwa. A nan ƙasar, bafade yakan zube gaban sarki ya yi gaisuwa, amarya takan durƙusa wa surukarta, babu kuma wanda ya ce sun yi musu sujada. Amma kun san a garuruwanmu an sha gardama a kan wannan durƙuson kansa, wasu malamai na cewa ya yi kama da abin da Allah kaɗai ya cancanta, a bar shi. Gwiwa ɗaya ce ke sauka a duka biyun, niyya ce ta raba su, ita kuwa niyya ba a ganin ta daga waje. Yuhanna ya dogara da maganar Waliyyi Basil na ƙarni na 4, cewa girman da aka ba hoton sarki wurin sarkin yake tafiya.

Amsar waccan tambaya mai ƙaho biyu ta Hiyeriya sai daga baya ta zo, daga bakin wani shugaban 'yan zuhudu a Kustantiniya, Tiyodo na gidan Situdiyos. Ya ce babu mai zanen da ya taɓa zana “mutuntaka” ko “allahntaka”. Wani mutum takamaimai ake zanawa, mai hanci kaza da ido kaza. Wanda aka zana Yesu ɗan Maryamu ne, shi ɗin ne kuma coci ya ce Allah ne da mutum, don haka ba a raba komai ba.

A nawa ganin, hujjar Yuhanna ta yi ƙarfi wajen halatta zane, ta yi rauni wajen abin da ke faruwa bayan an rataye shi. Malami a ɗakin karatu ya san bambancin bauta da girmamawa. Tsohuwar da ɗanta ke kwance ba lafiya fa? A 824 Sarki Mika'ilu na Biyu ya rubuta wa sarkin Faransawa wasiƙa yana ƙorafi cewa wasu na ɗaukar allo a matsayin uban baftismar 'ya'yansu, wasu limamai kuma na kankare fentin allo su zuba cikin Jibin Ubangiji. Ko da ya ƙara gishiri, ba daga iska ya ɗauko maganar ba. Macijin Hezekiya ke nan ya dawo.

Kada kuma a ɗauka zaman Yuhanna a ƙarƙashin halifa yana nufin ya yarda da Musulunci. A littafinsa na bidi'o'i ya ware babi ya soki addinin da kakkausar murya, yana cikin Kiristocin farko da suka yi rubutu a kansa. Akwai wata hikaya da ake bayarwa, wai Liyo ya ƙirƙiri wasiƙar cin amana da sunansa, halifa ya sa aka yanke masa hannu, Maryamu ta mayar masa da shi, shi ya sa ake zana wani hotonta da hannu na uku na azurfa. Labarin ya ɓullo ne ƙarnoni bayan rasuwarsa, hikaya ce. Kuma ba duk Kiristocin ƙasar halifa ne suka bi ra'ayinsa ba. A Jodan, a wurare irin su Ummur Rasas da Madaba, an tono daɓen coci-coci da aka ƙawata da ƙananan duwatsu masu launi. A da yawa daga cikinsu an cire siffofin mutane da dabbobi a ƙarni na 8, amma da natsuwa aka yi: an ɓamɓare duwatsun fuskar, an sake jera su a hargitse a gurbinsu, an bar rubutu da itatuwa, aka ci gaba da sujada a wurin. Maharin da ya zo ɓarna ba ya tsayawa gyara daɓe. Masana da dama na ganin masu cocin ne da kansu. Wajen shekarar 800 ma sai da bishop na Harran, Tiyodo Abu Ƙurra, ya rubuta littafi da Larabci saboda mutanensa sun fara jin kunyar sumbatar allo a gaban maƙwabtansu Musulmi da Yahudawa.

Can Kustantiniya kuwa, mata biyu ne suka juya al'amarin. Ta farko Irini, wadda ta riƙe sarauta a madadin ɗanta ƙarami daga 780. Ta kira majalisa a 786, sojojin da ke ƙaunar marigayi Kwanstantin suka kutsa cikin cocin da ake zaman suka tarwatsa ta. Ta yi dabara ta fitar da su daga birni, a 787 ta sake tara majalisar a Nikiya, garin Iznik na Turkiyya a yau. Nan aka yanke cewa a yi wa hotuna sumba da rusunawa da fitila da turare, bauta kuwa ta Allah ce kaɗai, aka kuma wanke sunan Yuhanna. Ita ce majalisa ta bakwai da Katolika da Otodoks suka haɗu a kanta. Kada a mayar da Irini mala'ika: ita ce ta sa aka ƙwaƙule idanun ɗan nata a 797 don ta yi mulki ita kaɗai.

Tsugune ba ta ƙare ba. A 811 Bulgarawa suka kashe Sarki Nikiforos a fagen fama, sarkinsu Kurum ya sa aka yi wa ƙoƙon kansa rufin azurfa yana shan giya da shi. A 813 suka sake karya rundunar Rum, har wasu tsofaffin sojoji suka faɗa kan kabarin Kwanstantin na Biyar suna roƙon ya tashi ya cece su. Lissafin soja mai sauƙi ne: sarakunan da suka hana hoto sun ci yaƙi sun mutu a gadon sarauta, masu hoto sun sha kashi. A 815 Liyo na Biyar ya maido da hani. A zamanin Sarki Tiyofilos aka ƙona tafin hannun wani mai zane, Li'azaru, da ƙarfe mai zafi. Wasu 'yan zuhudu biyu wa da ƙane daga Falasɗinu, Tiyodo da Tiyofanis, aka tsaga musu baitocin zagi 12 a fuska. Sai ga shi a 838 Halifa Mu'utasim ya ci Ammuriyya, garin asalin gidan sarautar, yaƙin da ɗaliban adabin Larabci suka sani ta ƙasidar Abu Tammam. Lissafin soja ya rushe. Tiyofilos ya rasu a 842, matarsa Tiyodora ta maido da hotuna a watan Maris na 843, bisa sharaɗin kada a la'anci mijinta. Har yau cocin Otodoks na bikin wannan a Lahadin farko ta babban azumi. A 867 aka buɗe hoton Maryamu da jaririnta a saman bagaden Ayasofiya, yana nan har yanzu, labule ake ja a gabansa tun da aka mayar da ginin masallaci a 2020.

Mu yi hattara da abu ɗaya. Waɗanda suka ci nasara su suka rubuta tarihin, suka ƙone littattafan abokan hamayya, har hujjar Hiyeriya ma mun san ta ne saboda an karanto ta a Nikiya don a rushe ta. A wani littafin Zabura na ƙarni na 9 da ke Mosko, an zana shugaban masu ƙin hoto yana shafe fuskar Yesu da soso a kan sanda, dab da sojan da ya miƙa masa ruwan tsami a kan gicciye. Masanan yau irin su Leslie Brubaker da John Haldon na ganin an zuzuta yawan ɓarnar, musamman ta zamanin Liyo na Uku.

Abin da ya biyo baya a Turai zan taƙaita shi. A 1522 wani malamin coci mai suna Karlstat ya tayar da fasa siffofi a Witinbag, Luta ya dawo daga maɓoyarsa ya tsawatar, don shi bai ɗauki hoto abin faɗa ba. Zuwingili a Zurik da Kalbin a Janiba su ne suka share coci-cocinsu tas. A 1566 jama'a suka bi coci-cocin Holan da Beljiyam na yau da guduma. Katolika kuwa tun a 1563, a majalisar Tirent, ta jaddada matsayin Nikiya. Masu mishan da suka zo mana, SIM daga 1893 da SUM daga 1904, galibinsu daga gidajen da suka gaji Kalbin da ire-irensa suka fito, limaman Katolika kuma suka kafa tasharsu a Shendam a 1907. Kowa ya zo da bangon cocinsa. Sai dai gidan da babu hoto a cocinsa, akwai kalanda mai fuskar Yesu a falo, littafin makarantar Lahadi cike yake da zane, kuma fim ɗin Yesu na 1979 da aka juya zuwa Hausa a ƙauyuka da yawa 'yan bishara ne suka haska shi. Ba a sumbatar su, gaskiya ne. Matsayin Girigori ke nan, ko an san sunansa ko ba a sani ba.

To ina za a ga irin allunan da aka yi wannan faɗa a kansu? A Istanbul kusan babu ko ɗaya da ya rage daga kafin 726. Sai an je Masar, gindin Dutsen Sina'i, gidan zuhudu na Waliyyiya Katarina, wanda Sarki Jastiniyan na Farko ya gina tsakanin 548 da 565 a wurin da ake cewa Musa ya ga kurmi yana cin wuta. Tun wajen 640 yankin ya koma hannun Musulmi, don haka umarnin Liyo da Kwanstantin bai taɓa aiki a can ba. Busasshiyar iskar hamada ta yi sauran aikin. Akwai alluna sama da 2,000 a gidan. Mafi shahara shi ne na Yesu daga ƙarni na 6, wanda aka zana da launi da aka dama cikin narkakken kakin zuma. An daɗe ana ɗaukar sa aikin baya-bayan nan ne saboda fentin da aka ƙara masa, sai da aka goge a 1962. In ka rufe rabin fuskar, ɓangare ɗaya a sake yake, ɗayan gira a ɗage, ido ya fi girma. Wasu sun ce allahntaka da mutuntaka mai zanen ya nufa, wasu sun ce rahama da hukunci. Shi dai bai bar bayani ba.

'Yan zuhudun wurin suna riƙe da kwafin wata takardar amana mai hoton tafin hannu, wadda suka ce Annabi Muhammadu ne ya ba su, asalinta kuma Sarkin Turkawa Salim na Farko ya tafi da shi Istanbul a 1517. Masana tarihi na jayayya a kan lokacin da aka rubuta ta, amma sarakunan Musulmi da suka mulki Masar sun yi aiki da ita. A cikin ganuwar gidan akwai masallaci tun farkon ƙarni na 12, zamanin Faɗimiyyawa, kuma Larabawan Jabaliyya, Musulmi, su ne ma'aikatan gidan da masu gadinsa tun kaka da kakanni.

Ba duka allunan ne suka zauna a Sina'i ba. A tsakiyar ƙarni na 19 wani malamin cocin Rasha, Porfiri Uspenski, ya tafi da huɗu daga cikin mafiya tsufa, suka ƙare a gidan tarihi na Khanenko a birnin Kiyef. Bayan da makami mai linzami ya faɗi kusa da ginin a watan Oktoba na 2022, aka kwashe su a asirce, aka bi da su ta Folan da Jamus, a 2023 suka isa gidan tarihi na Lubur a Faris don ajiya.

A nan zan dakata. Na ga hannuwa sun fara tashi tun ina maganar kalanda, bari mu saurare su.